Gahawa mai sanyi da kumfa: yadda ake haɗa shakerato a gida da ruwan dabino

Idan zafin Afrilu ya kankama, ko mai tsananin son gahawa ba ya marmarin abu mai tururi bayan la'asar. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu haɗa Nescafé yadda muka saba, mu jefa ƙanƙara a ciki, mu ɗan jira. Sai a samu wani ruwa tsululu mai ɗaci, ba ƙamshi ba armashi, a ture kofin gefe a ce ai gahawa ba ta yi da sanyi. Alhali ba laifinta ba ne. Tun farko ba a haɗa ta da ƙarfin da za ta iya ɗaukar ruwan ƙanƙara ba, kuma an bar ƙanƙarar ta narke a hankali maimakon a sanyaya abin nan take.

Mutanen Italiya sun daɗe da gano bakin zaren. A shagunan gahawarsu, da bazara, akwai abin da suke kira shakerato: gahawa mai ƙarfi, ɗan zaƙi da ƙanƙara, a zuba a gwangwanin ƙarfe mai murfi a girgiza da ƙarfi, a tace a cikin tambulan. Abin da ke fitowa baƙi ne a ƙasa, samansa kuma kumfa ce mai laushi, launin ƙasa-ƙasa, kaurinta ya kai faɗin yatsa. A Landan, cikin shekarun 1980, wani mai haɗa abin sha mai suna Dick Bradsell ya bi irin wannan hanya ya ƙara barasa, ya fito da abin da duniya ta sani yau da espresso martini. Na kawo wannan ne saboda dalili guda: mutane da dama na ganin hotonsa su ɗauka barasar ce ke kawo wannan kumfa. Ko kusa. Kumfar daga gahawar take, da kuma girgizar. Abin da za mu haɗa babu ko ɗigon barasa a ciki, kuma ba zai rasa komai na kyan gani ba. Nauyin da ake so abin sha ya yi a baki kuwa, ruwan dabino zai ba mu shi.

Gahawar ita ce komai

Ana buƙatar mililita 60 na gahawa mai ƙarfi sosai ga mutum ɗaya, wato cokalin cin abinci 4. Ƙarfin da nake nufi shi ne wanda idan ka kurɓa haka nan za ka yamutsa fuska. Kada wannan ya dame ka, domin ƙanƙara za ta ƙara mata ruwa yayin girgiza, dabino kuma zai lallashi ɗacin. Duk wanda ya fara da gahawar da ta yi daidai a baki, da lami zai ƙare.

Mai injin espresso a gida, wato injin da ke fitar da 'yar gahawa mai ƙarfi ta hanyar matsa ruwan zafi cikin gari, ba ya buƙatar dogon bayani, ya fitar da awo biyu ya wuce gaba. Amma ba kowa ke da shi ba, kuma ba dole ba ne.

Akwai ƙaramar butar nan ta alminiyam mai kusurwa takwas da ake kira moka, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933. Hawa uku gare ta: ruwa a ƙasa, garin gahawa a tsakiya cikin wani ɗan mazurari, sama kuma inda dafaffiyar gahawa ke taruwa. Ka zuba ruwa a ƙasan har zuwa gab da ɗan maɓallin da ke jikinta, kada ruwan ya rufe shi, domin ta nan tururi ke fita idan ya yi yawa. Ka cika mazurarin da gari, ka share samansa da yatsa ya yi daidai, amma kada ka danna. Idan ka danna, ruwa zai sha wuyar ratsawa, gahawar ta fito da ƙauri. Ka ɗaure butar da kyau ka ɗora a wuta kaɗan. Bayan 'yan mintuna za ka ga gahawa na tsattsafowa a hankali kamar zuma. Da zarar launinta ya fara haske, butar ta fara ƙara kamar mai kurkure baki, ka sauke. Abin da ke fitowa bayan wannan ƙarar ɗaci ne zalla. Buta mai ɗaukar ƙananan kofuna 3 tana isar mutum biyu.

Idan garin gahawa kake da shi amma babu moka, tukunya ma ta wadatar. Ka tafasa ruwa mililita 100, ka sauke, ka bari ya yi kamar rabin minti, sannan ka zuba gari giram 20, kusan cokalin cin abinci 4. Ka juya, ka rufe, ka ba shi minti 4, ka tace da farin ƙyalle mai tsabta. Garin zai shanye kusan ninki biyu na nauyinsa, saboda haka abin da zai rage maka bai wuce mililita 60 ɗin da ake nema ba. Kumfar wannan ba ta kai ta sauran ba, amma ƙamshinta na da daɗi, musamman idan an samu nau'in gahawar da ake kira arabika, sabon suya, irin wadda ake nomawa a tsaunin Mambila a jihar Taraba. Arabika ta fi ƙamshi da ɗan tsami-tsami; ɗaya nau'in, robusta, ta fi ɗaci da kumfa, kuma kafeyin da ke cikinta, wato sinadarin da ke hana barci, ya kusa ninka na arabika.

Sai hanya ta uku, wadda na san ita akasarin masu karatu za su bi: gahawar gwangwani mai narkewa. Kada kowa ya raina ta a wannan aikin, don a wajen kumfa ta fi kowacce. A 1957, a wajen baje kolin birnin Tasalonika na ƙasar Girka, wani ma'aikacin kamfanin Nestlé mai suna Dimitris Vakondios ya nemi ruwan zafi ya haɗa gahawarsa bai samu ba, sai ya zuba ta a gwangwanin girgiza da ruwan sanyi. Daga nan aka samu frappé, wanda har yau Girkawa ke sha ba dare ba rana. Sirrin shi ne gahawa mai narkewa ba ta da maiƙo sosai, maiƙo kuwa shi ke fasa kumfa. Ka ɗebi cokalin shayi 2 a cike da tozo, ka narkar a ruwan zafi cokalin cin abinci 4. Ruwan ya zama mai zafi amma ba mai tafarfasa ba. Abu ɗaya zan ja kunne a kai: ban da 'yar ledar nan da aka riga aka haɗa da madara da sukari. Garin madarar da ke ciki yana da kitse, zai kwantar da kumfar, kuma zaƙin ya fi ƙarfin abin da muke so.

Ko ta wace hanya ka bi, ka bar gahawar ta sha iska minti 2 zuwa 3. Ba a so ta huce gaba ɗaya, ba a kuma so ta shiga gwangwani tana tururi.

Ruwan dabino

Sukari ba ya narkewa da kyau a cikin sanyi. Idan ka zuba shi tare da ƙanƙara, zai kwanta a ƙasan gwangwani, ka sha ɗaci a sama ka tarar da yashi a ƙasa. Shi ya sa masu wannan sana'a ke amfani da zaƙi na ruwa. Mafi sauƙi shi ne sukari kofi ɗaya da ruwa kofi ɗaya, a ɗora a wuta har ya narke, a bari ya huce. Yana aiki, amma zaƙi kawai yake bayarwa. Dabino kuwa yana zuwa da wani ɗanɗano mai zurfi da ke tafiya da gahawa kamar don ita aka yi shi. Larabawa ba a banza suke ajiye dabino kusa da butar gahawa ba.

Ka samu dabino 10 zuwa 12. Busasshen nan na kasuwa ya yi, mai laushin da alhazai ke tsaraba ma ya yi, sai dai shi ba ya buƙatar dogon jiƙo. Ka ɓare kowanne ka cire ƙwallon, ka duba cikin da kyau, domin busasshen dabino kan ɓoye ƙwari da gari-garinsu. Ka wanke, ka zuba a ƙaramar tukunya da ruwan zafi mililita 250, wato rabin ledar ruwan sha, ka rufe ka bar shi awa ɗaya. Bayan nan ka yanka ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, ka jefa tare da kanumfari 3, ka ɗora a wuta kaɗan minti 15. Kanumfari 3 na ce, ba 10 ba. Yana da danniya, idan ya yi yawa ba za ka ji gahawar ba sam.

Idan dabinon ya yi lugub, ka farfasa shi da bayan ludayi, ka juye a ƙyalle, ka bari ya huce yadda hannu zai iya taɓawa, sannan ka matse sosai. Ruwan da ya fita ka mayar da shi wuta ba murfi har ya ragu zuwa kusan rabi. Ga yadda za ka gane ya yi: ka tsoma cokali ka ɗaga, idan ya ɗan manne a bayan cokalin, ka ja yatsa a kai layin ya tsaya bai haɗe nan take ba, to ya isa. Ka ɗanɗana. Wani dabinon ba shi da zaƙi sosai, sai ka ƙara sukari cokali 1 ko 2 tun yana da zafi. Ka zuba a kwalba mai tsabta ka sa a firji. Yana kai mako guda idan sanyin bai yanke ba. Idan wuta ba ta zama a unguwarku, ka yi kaɗan wanda za a shanye cikin kwana biyu. Da ka ji ya fara tsami ko ka ga ƙananan kumfa a samansa, ka zubar. Tuƙar dabinon da ta rage a ƙyalle kada a yar, tana da daɗi a kunu.

Ƙanƙara da abin girgizawa

A nan ne mutane suka fi yin sakaci. Ƙanƙarar da ake so ita ce mai tauri, busasshiya, wadda aka ciro daga firiza yanzu-yanzu, manyan gutsattsari. Wadda ta jima a kula tana zubar da ruwa ta riga ta gaji, tana shiga gahawa za ta narke. Dakakkiya kuma ta fi kowacce muni a nan, don cikin sakan kaɗan take komawa ruwa. Idan ƙanƙarar leda ka saya, ka naɗe ta a tawul mai tsabta ka buga da taɓarya sau biyu ko uku, ka zaɓi gutsattsarin da suka kai girman lemun tsami, ka bar ɓurɓushin. Ka kuma tabbata da ruwa mai kyau aka yi ta, tunda wani kasonta cikinka zai shiga. Ƙanƙara tana ɗaukar warin abin da ke kusa da ita. Wadda ta kwana a buɗe kusa da kifi ko daddawa za ta tona kanta a kurɓar farko.

Abin girgizawa kuwa, idan akwai gwangwanin ƙarfe na musamman da ake sayarwa don wannan, madalla. Idan babu, ƙaramin flas na ƙarfe mai faɗin baki ya yi, gorar ruwa ta roba mai kauri da faɗin baki ma ta yi. Sharaɗin shi ne murfin ya kama gam, kuma bayan an zuba komai a samu aƙalla rabin cikinsa fanko, domin iskar da ke wannan sararin ita ce za ta zama kumfa.

Kwalbar gilashi irin ta jam tana yi, amma da hattara. Akwai ranar da na zuba gahawa da zafinta a irin wannan kwalba, na rufe na girgiza kafin in sa ƙanƙara. Iskar ciki ta ɗauki zafi ta kumbura, ina sassauta murfin gahawar ta yi tsartuwa ta wanke min hannu da gaban riga. Allah Ya taƙaita abin bai kai fuska ba. Gilashi kuma yana iya tsagewa idan zafi da sanyi suka haɗu masa lokaci guda. Don haka ƙanƙara ce ke fara shiga, gahawar da ta ɗan sha iska ta biyo baya.

Haɗawa

Tun kafin ka ɗora ruwan gahawa, ka sa tambulan ɗin da za a sha da shi a firiza, ko ka cika shi da ɓurɓushin ƙanƙarar nan da ruwa ka ajiye gefe. Abin shan nan ba a sa masa ƙanƙara a kofi, saboda haka sanyin tambulan ne zai riƙe shi.

Ka zuba ruwan dabino cokalin cin abinci 1 a cikin gahawar tun tana da ɗumi, ka juya. Ka ƙara gishiri ɗan mitsitsi, abin da bai kai ka ɗebo da yatsu biyu ba. Ba don a ji gishirin ba ne. Yana rage kaifin ɗaci ne, ya fito da zaƙin dabinon. Ka ɗanɗana da bakin cokali. A wannan matakin ya kamata ka ji zaƙin ya ɗan wuce yadda kake so, domin sanyi na dusashe zaƙi a harshe. Idan bai kai ba, ka ƙara cokalin shayi 1.

Yanzu ka zuba ƙanƙara guda 5 ko 6 a abin girgizawa, ka juye gahawar a kai, ka rufe nan da nan. Daga nan babu tsayawa amsa waya. Ka riƙe da hannu biyu, ɗaya a murfi ɗaya a gindi, ka ɗaga zuwa saitin kafaɗa, bakin yana kallon bayanka ba fuskar baƙo ba, ka girgiza da iyakar ƙarfinka. Ba kaɗawa ake yi ba kamar mai kurkure kwano. So ake ƙanƙarar ta tashi daga wannan ƙarshe ta bugi wancan, kana jin ƙararta kwas-kwas. Ka ƙirga sakan 15. Da farko ƙarar za ta yi kaifi, can sai ka ji ta fara laushi, jikin ƙarfen ya yi raɓa, sanyi ya fara cizon tafin hannu. Wannan ce alamar ya yi. Ƙasa da sakan 10 ba ya isa a samu kumfa. Idan ka haura 20 kuma ruwa kawai kake ƙarawa, domin abin ya riga ya kai iyakar sanyin da zai yi.

Ka zubar da ruwan da ke tambulan, ka ɗora rariyar shayi a bakinsa, ka buɗe ka juye da sauri, gaba ɗaya. Saurin na da muhimmanci: kumfar ita ce ke fitowa a ƙarshe, idan ka tsiyaya a hankali za ta maƙale a jikin ƙanƙara ta zauna a gwangwani. Ka ɗan girgiza gwangwanin a kan rariyar don sauran ta sauko.

Sai ka ajiye tambulan ɗin ka zuba masa ido rabin minti. Da farko duk zai yi launin madara da shayi, a gauraye. Sannu a hankali za ka ga ƙananan kumfa na hawa sama kamar ƙura a hasken taga, baƙin yana taruwa daga ƙasa yana hawowa, har layi ya fito sarai tsakanin biyun. Ni wannan rabin mintin na fi so a duk aikin. Wanda ya so ya ɗora ƙwayar gahawa 3 a kan kumfar, ko ya barbaɗa garin kirfa kaɗan. Idan kumfar ta yi yadda ake so, ƙwayoyin za su zauna ba su nutse ba. A sha cikin minti 5, kafin ya fara ɗumi.

Idan ka ga kumfar ta fito da manyan idanu ta ɓace nan da nan, ko dai girgizar ba ta yi ƙarfi ba, ko gahawar ta jima da dahuwa, ko akwai maiƙo a jikin gwangwanin. Flas ɗin da aka saba zuba shayi mai madara sai an wanke shi da sabulu da ruwan zafi tukuna. Idan ya fito tsululu, ƙanƙarar ce ta yi ƙanana ko gahawar ta shiga da zafi da yawa. Idan ɗaci ya yi yawa har da ƙauri, a wajen dahuwa aka yi kuskure, kuma ƙarin zaƙi ba zai gyara ba, sai dai a sake.

Idan hannu ya faɗa

Wanda ya iya wannan ya iya sauran. Akwai mazagran, mai ɗauke da sunan wani gari kusa da Mostaganem a Aljeriya, inda aka yi wa sojojin Faransa ƙawanya a 1840; daga can ne al'adar shan gahawa da ruwan sanyi a dogon kofi ta bi su zuwa Faris. Mutanen Fotugal suka ƙara mata lemun tsami, kuma nasu ne na fi so a ranar da zafi ya yi tsanani. A wannan, ka bar dabino ka yi amfani da ruwan sukari cokalin cin abinci 1 da rabi, da ruwan lemun tsami cokali 1. Ka girgiza kamar yadda aka bayyana, amma ka juye a dogon tambulan cike da sabuwar ƙanƙara, ka sa ganyen na'a-na'a. Kada madara ta kusanci wannan, lemun zai tsinka ta.

Akwai kuma haɗin gahawa da ruwan tonik, wanda shi ba a girgiza shi ko kaɗan, don duk abin da ke da gas idan aka rufe aka girgiza sai ya yi ambaliya. Ka cika tambulan da ƙanƙara, ka zuba tonik mai sanyi mililita 120, sannan ka tsiyaya gahawar da ta huce a hankali ta bayan cokali. Idan ka fara zuba gahawa kafin tonik, kumfa za ta taso ta malale a tebur. Tonik na da nasa ɗacin na sinadarin kwinin da kuma nasa sukarin, saboda haka ba ya buƙatar ƙarin zaƙi.

Mai son madara kuma ya girgiza shakerato ɗinsa yadda aka saba, ya zuba madarar ruwa mai sanyi cokali 2 a tambulan tukuna, ya tace gahawar a kai. Kumfar za ta ɗan ragu, amma da ruwan dabino abin ya yi kama da alewar madara.

Sanyi da zaƙi na sa a manta cewa wannan gahawa ce mai ƙarfi. Tambulan ɗaya da aka yi da awo biyu na espresso na ɗauke da kafeyin da ya haura miligiram 100. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 400 a yini ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Jiki na ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya rage rabin abin da aka sha, don haka wanda ya sha bayan isha'i kada ya yi mamaki idan ƙarfe ɗaya na dare ta same shi ido biyu. Da azumi, ya fi kyau a bari sai an ci abinci an sha ruwa sosai, ba a buɗa baki da shi ba. Mai hawan jini, mai gyambon ciki da mai yawan bugun zuciya su tuntuɓi likitansu, yara kuma a haɗa musu ruwan dabinon da madara kawai, a girgiza musu su ma su samu kumfarsu.

Idan baƙi ne da yawa, ka dafa gahawar gaba ɗaya ka haɗa ta da ruwan dabino a jug, amma girgizar kada ta wuce ta mutum biyu a lokaci guda, in ba haka ba babu sararin da iska za ta shiga. Kowane zagaye ka zubar da tsohuwar ƙanƙara ka sa sabuwa, ka jera tambulan a firiza kana ciro su bibbiyu, wanda aka miƙa wa kuma ya sha, kada ya jira sauran.